Dashen Bama a Shekarar Fari

Bana ruwa ya yi mana jinkiri a Gummi. An yi yayyafi guda, ƙasa ta tashi da ƙamshi, masu gaggawa suka zuba iri, daga nan sama ta kulle. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, yara su fito suna tsalle, sai iska ta zo ta watse shi kamar ba a yi ba. Ga baƙi kuma. 'Yan uwanmu na Zugu da ɓarayin daji suka hana noma sun iso kan babura, tabarmi da tukwane ɗaure a baya, gidan ɗana ya cika har zaure. Shekaranjiya na ga matar ɗan nawa tsaye gaban buhun gero da tiya a hannu. Ta cika, ta dubi tsakar gida, ta zazzage kaɗan ta mayar. Tsayuwar nan na san ta. Haka Inna, uwar mijina, take tsayawa a bakin rumbu a shekarar babban fari, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa.

Lokacin muna ƙauyenmu na bakin gulbi, tsakanin Bukkuyum da Gummi. Ina goyon ɗiyata ta fari, wadda har yau ba na kiran sunanta na yanka, Jimma muke ce mata. Gidan mu biyar ne har da ita: ni, maigidana, Inna, da surukina da duk gari ke kira Baba Kofur.

Baba Kofur tsohon soja ne, amma ba na yaƙin basasa ba. Tun zamanin Turawa aka ce kowane hakimi ya ba da samari, aka haɗa da shi. Aka kai su Gusau, suka hau jirgin ƙasa, suka hau na ruwa, har wata ƙasa can bayan Indiya da ake kira Bama, inda Ingilishi ke yaƙi da Jafan. Abin da na sani ke nan sa'ad da aka kawo ni gidan, kuma abin da kowa ya sani ke nan. Ba ya ba da labari, ba a tambayarsa. Samari sun fi son hirar waɗanda suka dawo daga yaƙin basasa da rediyo da agogo. Shi ba abin da ya dawo da shi sai ƙafafu. Yatsunsa babu farce ko ɗaya, fatar tafin duk ta yi tabo fari-fari, kuma in yana tafiya sai ka ce kan ƙaya yake takawa.

Shekarar nan bazara ta yi tsawo. Zafi tun hantsi, bangon ɗaki ya ɗauki wuta, ruwan randa ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Da aka yi ruwan farko maza suka shuka gero, ya fito ya yi kunnuwa biyu, rana ta ƙone shi. Aka sake shuka bayan wani ɗan yayyafi, shi ma ya bi na farko. Gulbin da muke jin tsoron tsallakawa da damina ya koma rairayi, sai 'yan kududdufai masu wari.

Cin abinci ya fara raguwa a hankali. Aka daina furar rana. Tuwon dare ya koma kunu, kunun ya koma ruwa-ruwa. Da sassafe ni da Inna mu fita neman ganye, don shekarar nan ba wanda ya tuna da maganar kulle. Tafasa, yaɗiya, ɗan abin da ya rage na rama, mu dafa mu matse mu barbaɗa dusa. Mu tsinci aduwa da goruba. Wasu matan har gidan tururuwa suke tonawa su kwashe ƙwayar da ta tara. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai. Kunne ne ke ƙara, gwiwa ta yi sanyi, ka miƙe tsaye duniya ta yi baƙi. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali nonona ne da ya fara ƙafewa. Jimma ta kama ta tsotsa, ta saki, ta yi wani kuka marar ƙarfi kamar na ɗan kyanwa.

A ɗakin Baba akwai wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Irin shinkafa ne na 'yar fadamarmu, wanda a da ake watsawa in ruwa ya kwanta. Wata safiya Inna ta shiga ta ɗauko shi ta dire a tsakar gida, ta ɗauki taɓarya ta fasa lakar. Baba na zaune a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya.

"Mi za ki yi da shi?" ya ce.

"Dafawa," in ji Inna. "Yarinyar ga ba ta da nono. Jinjira na tsotson fata, kana gani."

"In kin dafa, kwana nawa za shi yi muna?"

"Ko nawa ne. Fadamar da za a watsa shi ta tsage, ɗan akuya na faɗawa ciki. Ka fi so tsuntsaye su cinye?"

"Ba watsawa za ni yi ba."

"To mi?"

Sai ya juyo wajena, abin da bai saba ba, don tsakanina da shi gaisuwa ce kawai daga durƙushe.

"Kulu, ke ad da goyo. Mi kika gani?"

Wallahi a ranar ƙamshin ɗanyar shinkafar nan kaɗai ya sa yawu ya cika mini baki. Na sunkuyar da kai. In na ce a dafa na saɓa masa, in na ce a bari na ci amanar ɗiyata. Inna ce ta cece ni. Ta zura ƙoƙo cikin tulun ta ɗebo, ta sake ɗebowa, ta tura masa sauran da ƙafa.

"Wanga na jikata ne. Wancan kai da haukanka."

Baba ya ɗauki tulun ya mayar ɗakinsa. Abin da Inna ta ɗiba shi ta riƙa yi mini kunu da shi ni kaɗai, kaɗan-kaɗan, ita tana shan ruwan ganye tana cewa ta ƙoshi.

Maigidana ya so ya bi samarin gari zuwa kurmi neman aiki. Baba ya ce ya tsaya ya taya shi wani aiki tukuna. Suka shiga tsakiyar gulbin suka haƙa rairayi har ya kai musu ƙirji, ruwa ya fara tsattsafowa. Daga nan suka hau fadamar suka yanka ta fangali-fangali, kowane an kewaye shi da kunyar laka, ƙasan an daidaita shi kamar daɓen ɗaki. Masu wucewa su tsaya su yi kallo.

"Baba Kofur, ɗakuna kaka ginawa a fadama?"

"Awo," ya ce. "Ruwa nika yi wa masauki."

Da aikin ya ƙare maigidana ya tafi. Inna ta yi kuka, amma duk mun san baki ɗaya ya ragu a kan ƙwarya.

Kusa da ramin ruwan Baba ya gyara wani ɗan wuri da bai fi shimfiɗar tabarmi biyu ba. Ya jiƙa irin har ya tsage, ya zuba shi a cunkushe, ya kafa rumfar zana a kai. Aikinmu ni da Inna ɗaukar ruwa, safe da yamma, tulu bayan tulu, da korar awaki da tsuntsaye. Ba a jima ba wurin ya yi kore shar. A duk faɗin ƙasar nan da ta yi launin toka, nan kaɗai ido ke hutawa. Wani lokaci in na gaji sai in zauna in yi ta kallonsa kawai.

Ramin bai zama namu mu kaɗai ba. Fulanin da ke zaune bayan gari, gidan Jauro, shanunsu na ta faɗuwa. Da Jauro ya zo roƙon a bar su su shayar da abin da ya rage, Baba ya ce ruwan ba shi ya halicce shi ba, su dai tsare masa koren nan. Matar Jauro, Dija, ta ga Jimma a bayana, ta ɗaga zanen ta dubi wuyanta. Washegari sai ga ta da ɗan ƙoƙo rufe da faifai.

"Kosam," ta ce. "Saniya guda ta rage mai ba da shi. Ki sha ke, ita ta sha gare ki."

Haka ta yi ta kawowa har ranar da saniyar ta kwanta ba ta tashi ba.

Duk da haka Jimma ta kamu da gudawa, idonta ya faɗa. A lokacin akwai wani malamin asibiti da ke zagayen ƙauyuka kan keke, Malam Ishaya, Kirista ne daga wajen Jos. Aka ce masa muna fadama, ya biyo mu da tsakar rana, rigarsa jiƙe da gumi. Ya duba ta, ya ba ta magani, ya ce kada in ƙara ba ta ruwan ramin sai na tafasa. Yana rufe jakarsa sai idonsa ya sauka kan ƙafafun Baba, wanda ya fito daga laka. Ya daɗe yana kallo.

"Baba, kun je Bama?"

Baba ya tsaya cik. "Wa ya gaya maka?"

"Ƙafar mahaifina ke nan. Ya ce wata da watanni takalmi bai bushe ba, in an cire sai ya fito da fata."

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi abin da ta yi ranar ba. Ya kama hannun Malam Ishaya da hannu biyu, ya ja shi gindin wata kanya, ya zaunar da shi. Ni da Inna muna gefe da tuluna. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai buɗe baki ba, ranar sai ka ce an fasa madatsa.

Ya ce a can ruwa ba ya ɗaukewa. Duwatsu ne da kurmi, mota ba ta shiga, su ne motar. Harsashi da abinci duk a kansu, matsattsaku na shan jininsu. Ya ce akwai mutanen Gwalkwas, wadda ta zama Ghana, da na Saliyo da na Gambiya, har sun haɗu da baƙaƙe daga gabas, wajen Kenya. Kafin nan bai san baƙar fata na da yawa haka a duniya ba. 'Yan Nijeriya kuwa, kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su.

"Shi ya sa mahaifina ya iya ta," in ji Malam Ishaya. "A wurinsa na fara ji."

"Akwai wani Baturenmu," Baba ya ci gaba. "Yaro ne. A nan in Bature ya zo rangadi, hakimi da kansa ka durƙusawa. Can zazzaɓi ya kama shi, ya ɓata wandonsa, shina kuka shina kiran uwa tai. Ni na goya shi muka haye wani dutse. Ina jin ƙasusuwansa a bayana. Tun ranar na san mutanen ga ba su dawwama bisa kanmu. Mutum ne kamar kowa."

Malam Ishaya ya ce mahaifinsa ma haka yake faɗi. Ya ce da aka dawo da su aka watsar, alkawuran da aka yi musu ba a cika ba. A Ghana tsofaffin sojojin ne suka fito neman haƙƙinsu aka harbe wasu, daga nan maganar 'yanci ta kama wuta, ta bi ƙasa ƙasa har ta iso nan.

"Amma ranar da aka ɗaga tuta," ya ce, "ba wanda ya kira sunansu."

"Ba komai," in ji Baba. "Mun dawo da rai. Da yawa suna can ƙarƙashin itacen da ban san sunansa ba."

Malam Ishaya ya hau kekensa ya tafi. Da za mu koma gida, Inna ce ta ɗauki fartanyar Baba ta haɗa da tulunta.

Jimma ta fara samun sauƙi. Ruwa kuwa shiru, har lokacin da ya kamata a ce ana tsakiyar marka. An fita roƙon ruwa, an sake fita. Wata maƙwabciyarmu ta binne ɗanta. Shukar Baba ta kai tsawon taƙi ta fara yin ruwan ɗorawa a baki, ramin ma ya fara ja baya.

Sai wata rana bayan azahar iska ta tsaya cak. Zafi ya danne gari, ko ganye ba ya motsi. Hadarin ya taso ba tare da hayaniya ba, ya rufe rana, ɗigon farko ya faɗo mini a hannu mai nauyi kamar tsakuwa. Kafin mu kai gida an kece. Ba wanda ya shiga ɗaki. Inna ta tsaya a tsakar gida ta buɗe tafin hannu, ruwa na bin fuskarta, tana ta hamdala.

Gari na wayewa muka tafi fadama. A gonakin mutane ruwan ya gudu ya bar zaizaya. A namu yana kwance cikin fangalin nan, kowane cike, sama na haskawa a ciki. Baba ya durƙusa ya fara tumɓuke shukar da muka yi ta wahala a kanta, yana ɗaurewa dami-dami. Inna ta dafe ƙirji.

"Malam! Abin da ya tsiro kaka cirewa?"

"Ƙaura za shi yi. Ku shigo."

Muka shiga, laka har ƙwauri, sanyinta na ratsa ƙashi. Ya nuna mana: a ɗauki biyu ko uku, a cusa da yatsu, a ja da baya, a bar tazara. Baya ya ƙage, cinya ta yi rawa, ga yunwa. Jimma na bayana tana barci. Mutanen gari suka taru a kan kunya suna kallo, wasu na dariya. Dija ce ta fara ɗaure zanenta ta shigo, ita da ba ta taɓa noma ba. Sai maƙwabciyar nan da ta rasa ɗa. Kafin rana ta take mun zama layi guda, Baba a tsakiya yana gyara wa kowa hannu.

Muna hutawa a kan kunya na yi ƙarfin hali na tambaye shi, karo na farko a rayuwata.

"Baba, Turawan ne sunka koya muku wanga?"

Ya yi dariya. "Bature ya san shinkafa? Wata mace ce."

Ya ce an taɓa tarwatsa su a wani hari, ya ɓace shi kaɗai cikin kurmi har yunwa ta kayar da shi a bakin wata gona. Ya farka ya ga wata tsohuwa 'yar ƙarama tsaye a kansa. Ya ɗauka za ta kira masu kashe shi. Sai ta tafi ta dawo da dafaffiyar shinkafa a cikin ganye. Ta ɓoye shi a bukkar gonarta har ƙafarsa ta iya taka ƙasa. Ba ta jin maganarsa, ba ya jin tata. Daga cikin bukkar yake leƙen ta da 'ya'yanta mata suna dashe, suna ja da baya cikin ruwa.

"Da na dawo ban taɓa gwadawa ba," ya ce. "Ruwa na isa, ana watsawa ana ci. Kuma ban son tuna wurin. Bana ce ta tilasta ni."

Ruwan bai yi yawa ba bayan nan. Ya zo, ya ɗauke, ya sake zuwa, ya tafi da wuri. Fangalin da ke sama-sama suka bushe, shinkafar ta tsaya ba ta fid da kai ba. Na ƙasa suka riƙe laima. Muka yi ta ɗaukar ruwa muna taimaka musu, muka yi ta korar tsuntsaye da gwangwani har murya ta dushe. Gero a garin nan ba wanda ya cika rumbu. Jauro ya tashi da 'yan shanun da suka rage ya yi kudu, ban sake ganin Dija ba, kuma har yau ina sa ta a addu'a.

Yanzu duk fadamar Gummi dashe ake yi, da injin ban ruwa, har rani. Ma'aikatan gona sun zo daga baya sun koyar, kowa ya ɗauka. In na ce wa jikokina a gidanmu an riga su, sai su yi murmushi su koma kan wayarsu. Ban ga laifinsu ba. Su bindigogin da suka kori mutanen Zugu, an ce daga wani yaƙin na nesa suka gangaro, can Libiya. Ni dai ban je ko'ina ba, amma yaƙin wasu ƙasashe sau biyu yana iske ni har gida.

Da kaka muka yanke abin da ya nuna. Maigidana ya dawo a rame, da buhun garin rogo a kai, ya tarar muna bugu. Shinkafar ba ta da yawa, amma in an haɗa da garin da ganye za ta kai mu wani wuri. Inna ta ware iri ta mayar cikin tulu da hannunta, ta liƙe da sabuwar laka. Muka turara sauran, muka shanya, muka surfa. Ranar da aka ɗora tukunyar farko, ƙamshin ya sa ni kuka, ban san dalili ba. Jimma na zaune a ƙasa tana buga ludayi.

Inna ta kwashe ta zuba wa Baba a akushinsa. Ya duba, bai sa hannu ba.

A lokacin akwai mutanen arewa da farin ya koro daga Nijar, sun yada zango a gindin tsamiyar bakin gari. Cikinsu akwai wata Buzuwa da yara, ba namiji tare da ita, ba ta jin Hausa sai gaisuwa.

"Kulu," ya ce, "ɗauki wanga ki kai wa matar can ta gindin tsamiya. Ladan, Allah shi kai ma tsohuwar da ta ciyar da ni."

Inna ta tsaya da mara a hannu. "Malam, tsohuwar nan taka ta Bama, ko Musulma ce?"

"Ban tambaye ta ba," ya ce. "Ita ma ba ta tambaye ni ba."

Sai Inna ta buɗe tukunyar, ta ƙara mara guda a kan akushin, ta rufe da faifai, ta ɗora mini a kai.